Darasin Juma'a: Wace Mu'amala Ce Dokar Jingina Ta Shafa, Wace Ce Ba Ta Shafa Ba?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa mazauna Sabo, da na Bodija da Akinyele da sauran unguwannin Ibadan da wannan takarda ke kaiwa, barkanmu da Juma'a.

Wata biyu ke nan da aka kawo wata magana gaban kwamitin sulhu na masallaci, kuma har yau ba ta bar zukatanmu ba. Wani ɗan'uwa mai ɗauko albasa ya sayi motar kaya ta hannu a wurin mutumin da ya daɗe da sani. An yi ciniki gaban shaidu, ya biya kuɗinsa lakadan, aka miƙa masa makulli da takardu, aka yi addu'a aka tashi. Bayan wata huɗu sai ga ma'aikatan wani banki da takarda a hannu, suka ce motar nan jingina ce a wurinsu. Ashe tsohon mai motar ya ci rance a kanta tun kafin ya sayar, bankin kuma ya shigar da ita rajista da lambar jikinta. Aka nemi wanda ya sayar, waya a kashe. Ɗan'uwanmu ya zauna a gabanmu yana ta maimaita tambaya ɗaya: "Ni da ban ci bashin kowa ba, ta yaya za a ce za a ɗauke mini mota?"

A ranar ba mu da amsar da za ta sanyaya masa rai. Daga baya muka zauna da wani lauya da ke salla tare da mu, ya warware mana dokar daki-daki. Abin da muka fahimta shi ne muka kawo a darasin wannan mako, don kada abin ya sake faɗa wa wani cikinmu.

Wace doka ce wannan?

A ranar 30 ga Mayu, 2017, Farfesa Yemi Osinbajo, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan dokar jingina da kayan da ake iya ɗauka. Sunanta a Turance Secured Transactions in Movable Assets Act, mun rubuta shi ne don wanda zai je wurin lauya ko banki ya san abin da zai ambata. Dokar ta tarayya ce, tana aiki a Oyo kamar yadda take aiki a Kano da Sakkwato. Ita ce ta tsayar da rajistar jingina ta ƙasa a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, wadda ta fara aiki tun 2016. Rajistar ba ofishin da ake bin layi ba ce, a intanet take.

Dalilin yin dokar ya shafe mu kai tsaye. A da, in ka je banki neman jari, tambayar farko ita ce ina takardar fili ko ta gida. To mu da muke zaman ci-rani da kasuwanci a ƙasar Yarbawa, mutum nawa ne cikinmu ke da takardar fili a Ibadan? Gonarmu da gidan gado suna Arewa, yawanci ma babu takarda. Dukiyarmu a nan ita ce haja a sito, shanu a kara, mota, babur, firiza, injin niƙa, keken ɗinki, da kuɗin da muke bin abokan ciniki. Dokar ta zo ne ta ce waɗannan ma dukiya ce da za a iya jinginarwa, ta kuma tsara yadda za a san wanda ya riga wani a kansu. Alherin da ke ciki a fili yake. Haɗarin kuma shi ne wanda ya sami ɗan'uwanmu mai albasa: kaya na iya zama a hannun mutum, yana amfani da su kamar babu komai, alhali an ɗaure su da bashi.

Tambayoyi uku da za su nuna maka hanya

Dokar ba ta damu da sunan da kuka raɗa wa mu'amalarku ba. Ko kun ce jingina, ko kun ce "riƙe mini wannan", ko kun ce tallafin jari, abin da ake dubawa shi ne ainihin abin da aka ƙulla. Ka yi wa kanka tambaya uku.

Ta farko: akwai bashi ko wani nauyi da ake jiran a sauke?

Ta biyu: an yi yarjejeniya cewa wani takamaiman kaya ne zai tsaya wa bashin, in ba a biya ba a koma kansa?

Ta uku: kayan nan irin wanda ake iya ɗauka ne ko a mayar wa wani, wato ba fili ko gini ba?

In amsar duka ukun "e" ce, to mu'amalarka ta shiga ƙarƙashin wannan doka. In ɗaya ta faɗi, wata dokar ce ke da hurumi, ko kuma bashi ne kawai marar jingina.

Mu'amalolin da suka shiga

Na ɗaya, rance a kan abin hawa ko inji. Wannan shi ne mafi bayyana. Ka karɓi kuɗi a banki, babba ko na ƙananan rance, ka sa motarka ko janareta ko injin markaɗe. Ba sai an karɓe kayan daga hannunka ba. Za ka ci gaba da aiki da su, amma hakkin mai bin bashi yana manne da su.

Na biyu, haja. Mai sito a Bodija na iya jinginar da buhunan wake da masarar da ke ciki. A nan sai a buɗe ido sosai, domin dokar ta yarda yarjejeniya ta haɗa da kayan da kake da su yanzu da waɗanda za ka samu nan gaba, muddin an rubuta haka kuma sun dace da siffar da aka bayar. Wato in takardar ta ce duk hajar da ke sito, ta yau da ta gobe, to tirelar da za ta iso wata mai zuwa ta shiga jingina tun daga ranar da ta zama taka, ba sai ka sake sa hannu ba. Sannan hakkin mai bin bashi yana bin kuɗin da aka samu daga sayar da kayan, matuƙar ana iya gane cewa daga nan suka fito.

Na uku, dabbobi da amfanin gona. Shanu, raguna, kaji, buhunan hatsi, duk kaya ne da dokar ta san da su.

Na huɗu, kuɗin da kake bin wasu. Da yawanmu ba mu ɗauki wannan a matsayin kadara ba, amma a idon doka kadara ce. In kana kai wa masu gidajen abinci nama ko tumatir suna biya ƙarshen wata, wannan kuɗin da ke hannunsu za ka iya jinginar da shi. In ka kasa biya, mai bin ka bashi zai iya neman su biya shi kai tsaye.

Na biyar, sayar da kaya bashi tare da sharaɗin cewa kayan za su tsaya wa kuɗinsu. Misali, dila ya ba ka firiza biyu, ya ce suna nan a matsayin nawa sai ka gama biya. Ko da ba a ambaci kalmar jingina ba, dokar tana kallon wannan a matsayin jingina ta musamman, domin da kuɗin dilan ne kayan suka shigo hannunka. Irin wannan mai bin bashi, in ya yi rajista a kan lokaci, yana gaba da bankin da ya riga ya ɗaure sauran kayan shagonka, amma a kan firizojin nan kaɗai.

Na shida, jinginar da kayanka saboda bashin wani. Dokar ta bambanta wanda ya ci bashi da wanda ya ba da jingina, ba dole su zama mutum ɗaya ba. In ƙaninka ya zo ya ce, "Yaya, ara mini takardun motarka in kai banki, sa hannu kawai za ka yi," to ka sani ba aron takarda kake yi ba. Motar ce ka ajiye. In ya kasa biya, ita za a ɗauka, ko da ko sisi ba ka gani ba.

Na bakwai, cinikin bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, daga baya TAJ da Lotus suka biyo, 'yan'uwa da yawa sun koma can, kuma madalla. Sai dai kada a zaci dokar jingina ba ta aiki a wurinsu. In bankin ya saya maka kaya ya sayar maka da riba sananniya ka biya kashi-kashi, ya kuma riƙe kayan ko wata kadararka a matsayin jingina, wannan dokar ce dai ke aiki, kuma rajistar ɗaya ce.

Mu'amalolin da ba su shiga ba

Fili da gida. Dokar ta fito fili ta cire su. Jinginar fili tana ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da dokokin jihohi. Filin da ke da takardar mallakar da muke ce wa C of O ba a jinginar da shi sai da amincewar gwamnan jihar, kuma a ofishin filaye na jiha ake rajistarsa. Saboda haka wanda ya karɓi takardar filin wani ya sa a akwati ya ce ya riƙe jingina, ya je wurin lauya ya ji matsayinsa tun kafin rigima ta taso. Amma kuɗin hayar da 'yan haya za su biya mai gida, wannan kuɗi ne da ake bi, ana iya jinginar da shi a ƙarƙashin dokar 2017.

Jiragen ruwa da na sama. Suna da rajistarsu daban. Wannan bai dame mu ba, mu wuce.

Cire bashi daga kuɗin da ke hannu. In kana bin mutum dubu ɗari shi kuma yana bin ka dubu sittin, kuka ce a cire a ba ka arba'in, wannan ba jingina ba ce, kuma dokar ta ce ba ruwanta. Haka in banki ya cire bashinsa daga asusunka da ke wurinsa. A nan ma mu tuna cewa tun watan Agusta na 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ke ba banki damar ɗebo bashinsa daga asusunka na wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, in ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rance. Wannan tsari ne daban, amma cizonsa ba wasa.

Lamuni. Wannan ne ya fi yawa a tsakaninmu. Tun zamanin kakanninmu a Sabo, cinikin shanu da goro a kan lamuni ya ginu: maigida ya tsaya wa mahauci, ya ce ba shi, in bai biya ba ni ne. Dokar ta faɗa ƙarara cewa hakkin da kake da shi a kan wanda ya tsaya wa wani ba jingina ba ne, domin mutum ne ya ɗauki nauyi, ba kaya aka ware ba. Ba a rajistarsa a rajistar jingina. Wannan ba ya nufin wanda ya yi lamuni ya kuɓuta. Ana iya kai shi kotu a kan alkawarinsa, musamman in ya sa hannu a takarda. Abin da ake nufi shi ne mai bin bashi ba shi da ikon zuwa ya ɗauki wani kaya na mai lamuni da kansa, sai ya bi ta kotu.

Bashin baki da adashi. "Ba ni buhu goma zuwa ranar kasuwa" bashi ne marar jingina. Adashi ma haka, da namu da irin na maƙwabtanmu da suke ce wa ajo ko esusu. Rancen manhajojin waya da ake turo wa matasanmu shi ma yawanci babu jingina a cikinsa. Duk waɗannan hakki ne da ake nema ta sulhu ko ta kotu. Mu kuma sani cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi kawai ko saɓa alkawarin ciniki. In babu zamba a ciki, maganar kotun farar hula ce.

Riƙe kaya saboda kuɗin aiki. Bakanike ya gyara mota ya ce ba za ta fita ba sai an biya shi, ko tela ya riƙe ɗinki. Wannan hakki ne da doka ta ba mai aiki, ba daga yarjejeniyar jingina ya fito ba, kuma ba ya buƙatar rajista.

Wuraren da ake yawan ruɗewa

Na farko shi ne keke da babur na biya kashi-kashi. Yaranmu da yawa suna jan keke ko acaɓa a kan sharaɗin su riƙa kawo kuɗi duk mako, in sun cika adadi abin hawan ya zama nasu. Irin wannan ciniki yana da tsohuwar dokarsa tun 1965, kuma akwai kariya a cikinta da ya kamata kowane direba ya sani. Dokar ta ce a bayyana wa mai saye farashin lakadan, a kuma rubuta yarjejeniya. Sannan in abin hawa ne, kuma mai saye ya biya kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin, mai shi ba zai ƙwace don ya mallake ba sai ta hanyar kotu. A ce an yi jimilla naira miliyan 5, yaro ya biya miliyan 3, to ya kai wannan matsayi. Akwai dai togaciya: in ya bar biya uku ko fiye a kansa, mai abin hawan na iya ɗauke shi ya ajiye don kada ya lalace, kafin kotu ta yanke hukunci. Amma fa a bambanta wannan da balas. Wanda ke kawo balas kullum ba tare da alkawarin mallaka ba, haya kawai yake yi, ko ya shekara goma keken ba nasa ba ne. Iyaye, ku tambayi yaranku wanne suka ƙulla, kuma ina takardar.

Na biyu, kayan amana. Manomi a Aliero ya turo maka albasa ka sayar masa ka cire la'ada. Albasar tana sitonka, amma ba taka ba ce. Dokar ta ce mutum na jinginar da kaya ne gwargwadon hakkinsa a cikinsu, don haka ba ka da ikon jinginar da kayan amana. Matsalar ita ce ranar da ma'aikatan banki suka zo ƙirga buhuna, buhu ba ya magana. In babu littafi ko takardar da ke nuna na wane da na wane, dukiyar bawan Allah za ta shiga rigimar da bai san da ita ba. A ware kayan amana, a rubuta su.

Na uku, kayan ɗaki da gwal ɗin mata. Sarƙa da 'yan kunne da keken ɗinkin uwargida nata ne, a shari'a da kuma a doka. Maigida ba shi da hurumin kai su jingina sai da yardarta. Iyayenmu mata da ƙannenmu, in an kawo muku takarda a ce ku dangwala, ku nemi a karanta muku da Hausa tukuna. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Na huɗu, masu kamfani. Wanda ya yi wa kasuwancinsa rajistar kamfani, in kamfanin ya jinginar da kadarorinsa, akwai kuma rajistar da ake yi a Hukumar Rajistar Kamfanoni cikin kwana 90, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Wannan aikin lauya ne, a ba shi.

Rajista ita ce ke raba gardama

Ga wurin da dokar ta saɓa da abin da muka saba. Mu a al'adarmu, wanda kaya ke hannunsa shi ke da ƙarfi. Dokar 2017 kuwa ta ce mai bin bashi na iya riƙe kayan, amma riƙewa kaɗai ba ta kammala hakkinsa a kan sauran masu bin bashi. Abin da ke kammala shi shi ne rajista, kuma tsakanin waɗanda suka yi rajista, wanda ya riga shi ne gaba.

A ce Alhaji ya ba mai injin niƙa rance, ya karɓi rasit ɗin injin ya adana. Bayan wata uku mai injin ya je bankin ƙananan rance ya sake jinginar da injin, su kuma suka shigar rajista. In abu ya lalace, bankin ne zai fara ɗiba, duk da cewa Alhaji ne ya fara ba da kuɗi. Alhaji sai abin da ya rage, in ya rage.

Ga mai saye kuma, dokar ta raba gida biyu. In ka sayi kaya a wurin wanda sana'arsa ke nan, kamar buhun shinkafa a wurin mai sayar da shinkafa, kayan sun zama naka tsaf ko da hajarsa na jingine, sai dai in ka san cewa sayarwar ta saɓa yarjejeniyarsa da mai bin sa bashi. In ba haka ba ai kasuwa ba za ta ci ba. Amma in ka sayi mota ko inji a wurin wanda ba sana'arsa ba ce sayar da su, kuma an riga an yi rajistar jingina a kansu, to bashin ya biyo kayan har gidanka. Abin da ya sami ɗan'uwanmu ke nan. Wanda ya sayar masa direba ne, ba dilan motoci ba.

Maganin abin kuwa mai sauƙi ne. Kowa na iya bincika rajistar ta intanet a kan ɗan kuɗi kaɗan, da lambar BVN ta mai kayan ko da lambar jikin motar ko injin. Wanda ba ya iyawa ya sa ɗansa ko wani mai kwamfuta ya duba masa. Mai sayarwar da ya ƙi a duba, wannan ƙin ma amsa ce.

In an kasa biya fa?

Dokar ba ta bar mai bin bashi ya yi yadda ya ga dama ba. Dole ya aiko da sanarwa cewa an saɓa alkawari kuma yana da niyyar karɓar kayan, sannan ya jira kwana 10. Bayan nan zai iya karɓa ta hanyar kotu, ko ba tare da kotu ba in ka amince da hakan a cikin takardar da ka sa wa hannu. Wannan layin ne ya kamata a nema a karanta sau biyu kafin a ɗauki biro. A irin wannan hali yana iya neman rakiyar 'yan sanda don a karɓi kayan cikin lumana, bayan ya nuna takardar yarjejeniya da shaidar rajista. Kafin ya sayar kuma sai ya sake ba da sanarwa, kuma har zuwa lokacin da za a sayar kana da damar biyan abin da ake bin ka ka fanshi kayanka.

In an sayar, za a cire kuɗin ɗawainiyar sayarwa da bashin, a biya sauran masu jingina a kan kayan in akwai, ragowar taka ce. A ce ana bin ka miliyan 2, aka sayar da motar miliyan 3, ba a haɗiye sauran, sai an dawo maka da shi. In kuma kuɗin bai kai ba, cikon yana wuyanka. Wanda ya gama biyan bashinsa kuwa, kada ya tsaya a kan hamdala kawai. Ya rubuta wa bankin ya nemi a soke rajistar, ya kuma duba ya tabbatar an soke, don kada ranar da zai sayar da kayansa sunansa ya fito da tsohon bashi.

Ina addininmu ya tsaya?

Jingina ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, wadda ke bi mata kuma ta ambaci jingina. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da mu cewa jingina tana cika ne da karɓar kayan a hannu, cewa jingina ba ta zama mallakar mai bin bashi don kawai lokaci ya wuce, sai dai a sayar a biya shi a mayar da saura, kuma wanda ya ba da rance kada ya mayar da jinginar abin cin moriya. Za ku ga maganar mayar da saura ta yi daidai da dokar ƙasa. Inda aka bambanta shi ne maganar riƙewa da rajista, kuma tun da kotun da za ta saurare mu a nan da dokar ƙasa take aiki, sai mu cika duka biyun. Maganar ruwa kuwa, rajista ba ta halatta haram. Dokar tana tsara wanda zai fara karɓa ne kawai, ba ta duba ko rancen na riba ne. Wannan tambaya ce da kowa zai kai wa Malam Liman kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa ba.

Abin da muke roƙon jama'a

Kada a sayi mota, keke, babur ko babban inji na hannu sai an duba rajista. Kada a sa hannu a takardar rance sai an san wane kaya aka ambata, nawa ne iyakar kuɗin da aka ɗaure su da shi, zuwa yaushe, kuma ko ta haɗa da kayan da za su zo nan gaba. A karɓi kwafin duk takardar da aka sa wa hannu. Wanda zai ba da kuɗi mai nauyi a kan jingina ya duba ko wani ya riga shi, ya kuma nemi lauya a kan yadda zai kare hakkinsa. Wanda kuma ya san kayansa na jingine, ya ji tsoron Allah kada ya sayar wa ɗan'uwansa a ɓoye.

Maganar ɗan'uwanmu mai albasa tana nan ana kai. An samu dangin wanda ya sayar masa da motar, dattawa sun shiga, kuma bankin ya yarda a zauna. Muna roƙon ku sa shi a addu'a. Lauyan da ya taimaka mana ya yi alkawarin zama a harabar masallaci ranar Lahadi bayan la'asar, duk mai takardar rance ko ta keke da yake so a duba masa ya zo da ita, ba a biyan komai. Mata za su iya aiko da tasu ta hannun malamar Islamiyya.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mu daga cin hakkin wani, Ya mayar da mu gida lafiya duk lokacin da muka tashi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga ofishin Sakataren Masallaci